Darasi na 14: Sunan John, Ma'anarsa da Asalinsa

Mutumin ƙasar Bagudo kunnensa ya sha sunaye. A kasuwa ɗaya za ka ji na Hausa da na Fulani, ka ji na Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, ka kuma ji na waɗanda suka tsallako daga Jamhuriyar Benin da lafazin Faransanci a bakinsu. Cikin sunayen da baƙi ke zuwa mana da su kuwa, da wuya a sami wanda ya kai John yawa. Ko ma'aikacin asibiti ne, ko jami'in kwastan a Tsamiya, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo firamare, ko mai shagon kayan babur, ba a rasa John a cikinsu. Jihar Kebbi ma ta taɓa samun shugaba mai wannan suna, wato Kanar John Ubah, wanda ya riƙe ta a zamanin soja daga 1996 zuwa 1998.

Yawancinmu a Sharabi da kewaye sunan Turawa muke ce masa, shi ke nan mu wuce. Gaskiya ne daga hannun Turawan Ingila ya iso mana a wannan siffa. Amma su ma aro suka yi, wanda ya ara musu shi ma aro ya yi. Idan muka bi sawun sunan har inda ya taso, za mu tarar da shi a gidan wani annabi da kowane ɗan makarantar allo ya san labarinsa.

Yadda ake karanta shi

Mu fara da abin da ya fi damun mai koyon karatu. Haruffa huɗu ne: J, o, h, n. Uku kawai ake furtawa, a ce Jon. Harafin h yana nan a rubuce amma baki ba ya taɓa shi. Wannan yakan rikita wanda ya fara karatu da Hausa, domin a rubutunmu na boko kusan duk harafin da ka gani sai ka faɗe shi. Turanci ba haka yake ba. Yana riƙe da haruffan da aka daina furtawa tun ɗaruruwan shekaru, kuma sau da yawa irin waɗannan haruffa su ne ke tona asirin inda kalma ta fito. Ku riƙe wannan h ɗin a zuci, za mu ga mafarinsa nan gaba kaɗan.

Tushen sunan

Asalin sunan Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila. A can ana cewa Yohanan, cikakkensa kuma Yehohanan. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko, Yo ko Yeho, gajeren sunan Ubangiji ne a harshensu. Ta biyu, hanan, tana nufin ya yi alheri, ya ji ƙai, ya tausaya. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce Ubangiji ya yi alheri. Suna ne irin na godiya, wanda iyaye ke sa wa ɗan da suke ganin kyauta ce daga Allah.

Wanda ya taɓa Larabci ba zai ji hanan baƙuwa a kunnensa ba. Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma a Larabci ma kalmar tausayi take nufi. Daga wannan tushe ne sunan Hannatu ya fito, wanda Turawa ke cewa Hannah ko Anna ko Anne. Ashe ke nan Hannatun da ke cikin gidajenmu da John na asibiti, sunayensu saiwa ɗaya suka tsiro.

Maza da yawa sun amsa sunan Yohanan a tsakanin Yahudawan da. Abin da ya fitar da shi duniya mutum biyu ne. Na farko shi ne ɗan Annabi Zakariyya, wanda aka haifa bayan iyayensa sun tsufa sun fid da rai da haihuwa. Kiristoci na kiransa Mai Baftisma, saboda yana yi wa masu tuba wankan tsarki a Kogin Urdun. A babin farko na Linjilar Luka an ba da labarin ranar sunansa: 'yan'uwa da maƙwabta suka so a mayar masa da sunan mahaifinsa, uwar ta ƙi, aka ce ai babu mai wannan suna a danginku, sai aka koma ga uban, wanda a lokacin bakinsa ba ya magana, ya karɓi allo ya rubuta sunan da uwar ta faɗa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren raɗin suna ya san irin wannan ja-in-ja. Na biyu kuma ɗaya ne daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu, masunci ɗan Zabadi, wanda ake jingina wa Linjila ta huɗu.

John da Yahaya

Wancan ɗa na Annabi Zakariyya shi ne Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, alaihis salam. Sunansa ya zo sau biyar a Alƙur'ani: a Ali Imrana, da An'am, da Anbiya, sai sau biyu a Suratu Maryam. A aya ta 7 ta Suratu Maryam aka yi wa Zakariyya bushara da shi, aka kuma nuna cewa ba a sa wa wani wannan suna kafinsa ba. A aya ta 13 kuwa, inda ake lissafa baiwar da aka yi masa, kalmar hanan ɗin nan ce ta fito. A babban masallacin Umayyawa da ke Dimashƙu, a ƙasar Sham, akwai hubbaren da ake dangantawa da shi, Musulmi da Kirista duk suna ziyarta.

A nan sai a yi hattara, domin mutane kan yi gaggawa su ce ma'anar John ita ce Yahaya. Mutumin ɗaya ne, babu shakka. Amma bayanin sunayen biyu ya bambanta. Malaman tafsiri da yawa sun danganta Yahaya da kalmar rayuwa a Larabci, wasu kuma suka ce suna ne ba'ajame kamar Musa da Isa, ba a nema masa tushe a Larabci. Larabawa Kiristoci su Yuhanna suke cewa, wanda ya fi kusa da Yohanan. Saboda haka maganar da ta fi daidai ita ce: John da Yahaya sunaye ne na annabi ɗaya a bakin al'ummu biyu, ba fassarar juna ba ne kalma da kalma.

Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun yi karo da wannan batu. Wasu fassarori sun rubuta Yohanna, wasu sun rubuta Yahaya, kuma duka biyun suna hannun mutane har yau. Shi ya sa a Zuru ko Wusasa ko Kudancin Kaduna za ka sami Kirista mai suna Yohanna, ka sami mai suna Yahaya, ka sami mai suna John. Akwai ma wanda ya haɗa biyu: Kanar John Yahaya Madaki, gwamnan soja na Jihar Katsina daga ƙarshen 1989 zuwa farkon 1992. Nan kusa da mu, babban asibitin Birnin Kebbi sunan Sarkin Gwandu Yahaya yake ɗauke da shi, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. John ɗin da ke aikin jinya a wannan asibiti, in ya ga dama, yana iya cewa asibitin takwaransa ne.

Yadda Yohanan ya zama John

Suna in ya shiga bakin da ba nasa ba, sai bakin ya sassaƙe shi. Mun ga haka a namu: Muhammadu ya zama Mamman a nan, Mamadu a Mali da Senegal, Mehmet a Turkiyya. Haka ya faru da Yohanan.

Da Girkanci aka rubuta littattafan Sabon Alkawari. Girkawa ba su da hanyar rubuta h a tsakiyar kalma, kuma sukan ƙara wa sunan namiji wutsiya, sai suka rubuta Ioannes. Daga nan ya shiga Latin, harshen Rumawa da na cocin Turai ta yamma. Marubutan Latin na baya suka mayar masa da h ɗinsa, ya zama Iohannes. Ga mafarin harafin nan da muke rubutawa ba mu furtawa.

Har zuwa wannan mataki, da sautin y sunan ke farawa, kamar yadda Yohanna ke farawa. A ƙasar Faransa ne y ta rikiɗe ta koma j, sunan kuma ya gajarce ya zama Johan ko Jehan. A 1066 Normawa, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, suka kawo harshensu da sunayensu. Sunayen Ingilishi na asali suka yi ta ja da baya, irin su Alfred da Edwin, na baƙi suka cika gari: William, Robert, Richard, Henry. John ya biyo sahu, kuma yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi ta kaiwa Baitul Muƙaddas a ƙarni na 12 da na 13 sun ƙara masa farin jini, domin ƙasar da mai sunan ya rayu ke nan.

Shi kansa harafin J sabo ne. Da can I da J abu ɗaya ne a rubutun Turawa. A shahararriyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci da aka buga a 1611, zamanin Sarki James, Iohn aka rubuta, da I. Sai daga baya a cikin ƙarnin nan na 17 J ta tsaya da ƙafarta a Turanci.

Yawan da sunan ya yi a Ingila abin mamaki ne. A wasu takardun haraji na ƙarshen ƙarni na 14, kusan namiji ɗaya cikin uku John ne. To in ka shiga ƙauye ka kira John, mutum goma suka waiwayo, yaya za a yi? Dole a nemi abin bambancewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa sunayen dangi suka kafu a can. Johnson ɗan John ke nan, kamar yadda muke cewa Ɗan Musa ko Ɗan Ali. Jones ma daga John ya fito, ya fi yawa a yankin Wales. Sai kuma Jack, laƙabin da ake yi wa John kamar yadda muke kiran Abubakar Garba, ko da yake wanda bai sani ba ba zai ga alaƙarsu ba. Shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka harbe a 1963, Jack danginsa da abokansa ke ce masa. Daga Jack aka sami Jackson.

Duk da wannan yawa, sarki ɗaya tak Ingila ta yi mai suna John, daga 1199 zuwa 1216. Ya yi baƙin jini ƙwarai: ya rasa yawancin ƙasashen gidansu da ke Faransa, ya matsa wa mutane da haraji, har manyan ƙasa suka tilasta masa amincewa da takardar Magna Carta a 1215, wadda ta ce sarki ma yana ƙarƙashin doka. Tun daga shi ba a sake naɗa wani John a gadon sarautar Ingila ba. Talakawa dai ba su fasa sa wa 'ya'yansu ba. A Amurka ma shi ne kan gaba a sunayen jarirai maza daga 1880 har zuwa 1923.

Sauran ƙasashen Turai kowace ta sassaƙa nata. Rashawa suna cewa Ivan, Sifaniyawa Juan, Italiyawa Giovanni, Jamusawa Johann ko Hans, mutanen Ayalan kuma Sean. Na mata su ne Joan da Jane da Janet da Joanna. Amma kada kamannin harafi ya ruɗe ku. Jonathan, irin sunan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan, suna ne dabam mai nufin Ubangiji ya bayar. Jonah kuwa Annabi Yunusa ne.

Isowarsa bakin Kwara

Cikin masu wannan suna na farko da tarihi ya rubuta zuwansu ƙasar da yau ake kira Jihar Kebbi akwai John Lander, ɗan garin Truro a Ingila, wanda ya koyi aikin ɗab'i. Wansa Richard shi ne yaron Kyaftin Clapperton, Baturen da ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1830 Richard ya dawo tare da ƙanensa John don gano inda Kwara ke zuba. Sun sauka Bussa, suka hauro Yawuri suna neman takardun wani Bature matafiyi mai suna Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Bussa tun 1806. Ba su sami littafin tafiyarsa ba. Suka juya suka gangara a kwalekwale har suka isa teku a watan Nuwamba na shekarar. Tsohuwar Bussar da suka sauka tana ƙarƙashin ruwan tafkin Kainji tun 1968.

Amma ba matafiya ne suka dasa sunan a ƙasar nan ba, mishan da makarantunsu ne. Wanda aka yi wa baftisma akan ba shi suna daga Littafi Mai Tsarki, kuma da harshen masu makarantar ake rubuta shi a rajista. Masu karatun Hausa sun san ɗaya daga cikin irin waɗannan: John Tafida na Wusasa, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko. A Gana abin har ya zama abin raha, domin daga 1993 zuwa farkon 2017 shugabanninsu huɗu a jere duk akwai John a sunansu: Rawlings, Kufuor, Atta Mills da Mahama.

Me ya sa a tsallaken iyaka ake cewa Jean?

Wannan tambaya ta fi shafarmu, mu da ke cin kasuwa da mutanen Segbana da Malanville. A 1894 Ingila da Faransa suka yi tseren mallakar ƙasar Bargu. Baturen Ingila Lugard ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, aka yi ta taƙaddama, sai a watan Yuni na 1898 suka sasanta a Paris suka raba ƙasar. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aka wayi gari wani yana Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975, wani yana Nijeriya. Makarantar can Faransanci, ta nan Turanci.

Shi kuwa Jehan ɗin da Ingila ta ara, a gidansu bai tsaya cik ba. Faransawa suka ci gaba da tausasa shi har ya zama Jean: j ɗin ta yi laushi ta kusa komawa sh, n ɗin kuma ta shige hanci. A kunnen Bahaushe kamar a ce Jan. Saboda haka John da Jean ba ma 'yan'uwan nesa ba ne, kaka ɗaya gare su. In ka ji Jean-Baptiste a bakin mutumin Benin ko Nijar, Yohanna Mai Baftisma ake nufi, wato Annabi Yahaya. Jean-Paul kuma shi ne John Paul, sunan Fafaroman da ya zo Kaduna a 1982, ya kuma gana da shugabannin Musulmi a Parakou a 1993.

Akwai tarko ɗaya a nan. A Turanci ma akwai Jean, harafi da harafi iri ɗaya, amma sunan mace ne, ana furta shi Jin. Ma'aikacin Nijeriya da ya ga Jean a takarda yana iya zaton mace ce, alhali ƙaton magidanci ne daga Kandi. Macen Faransanci Jeanne ake rubuta ta.

Suna a baki da suna a takarda

Duk abin da muka faɗa na zumuncin waɗannan sunaye, a tarihi ne da hira. Kwamfutar banki ba ta san shi ba. A wurinta John dabam, Jon dabam, Yohanna dabam, Yohana mai n ɗaya ma dabam. Haka Yahaya da Yahya da Yaya. Mutanen iyaka sun fi kowa shan wannan wahala, domin Faransanci yana rubuta sautin u da haruffa biyu, o da u: Musa ya zama Moussa, Umaru ya zama Oumarou, Yusufu ya zama Issoufou ko Youssouf. Mutum ɗaya sai ka gan shi da katin zaɓe da rubutu ɗaya, lambar NIN da wani, BVN da wani. Ranar da za a biya kuɗin tallafin noma ko a cike takardar aikin hajji, sai a ce sunaye ba su dace ba, a tura shi kotu ya yi rantsuwa, ya kashe kuɗin mota zuwa Bagudo ko Birnin Kebbi a kan harafi ɗaya.

A ganina wannan shi ne babban amfanin da dattijo zai fara ci daga ajin yaƙi da jahilci: ya iya rubuta sunansa da hannunsa, ya tsayar da rubutu ɗaya, ya kuma iya dubawa kafin ya dangwala yatsa. In ma'aikaci ya rubuta ba daidai ba, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, a duba mini, nawa da a ne bayan h." Gyara a kan tebur minti ɗaya ne. Haka in za ka tura wa wani kuɗi ta waya ko ka rubuta masa rasit, tambaye shi yadda yake rubuta sunansa, kada ka fassara masa. Wanda iyayensa suka raɗa wa Yohanna ba ka da ikon mayar da shi John a takarda don kana ganin ya fi zama na zamani, wanda kuma aka raɗa wa John ba ka mayar da shi Yahaya don kana ganin ya fi kusa da gida.

Aikin aji

Kowa ya rubuta waɗannan sunaye huɗu a littafinsa, ya karanta su da ƙarfi: John, Jean, Yohanna, Yahaya. A ja layi ƙarƙashin harafin da ba a furtawa a na farkon.

Da bakinka, ba tare da duba littafi ba, bayyana wa na kusa da kai ma'anar gaɓoɓi biyun da suka haɗu suka ba da Yohanan, da dalilin da ya sa sunan Hannatu ya shigo cikin wannan darasi.

Gobe kowa ya zo da duk katin da ke ɗauke da sunansa, na zaɓe da na ɗan ƙasa da na banki ko na asibiti. Za mu jera su mu duba harafi bayan harafi ko rubutun ya zo ɗaya. Wanda kuma yake da dattijo a gida, ya tambaye shi sunan wa aka mayar masa ranar suna, da abin da ya sa aka zaɓe shi.